Jakar keke ta Ortlieb Back-Roller Classic a hanyar tsaunuka: ruwa ba ya shiga, amma sai an iya ɗaura ta

Mai shirin tafiyar kwanaki a kan keke cikin tsaunuka, yana kwana a wannan ƙauye ya wayi gari ya nufi wancan, da wuya ya tambayi masu harkar jakar da zai saya ba su ambaci Back-Roller Classic ba. Shawarar tasu tana kan hanya, jakar ta cancanci kuɗinta. Abin da masu shago ba su cika faɗa ba shi ne yawancin matsalar da ake samu da ita daga wurin da ta haɗu da kariyar keke take fitowa, kuma hanyar tsauni ce ke tona asirin wanda ya ɗaura ta da gaggawa.

Kamfanin Ortlieb na ƙasar Jamus ne, an kafa shi a 1982, kuma a garin Heilsbronn yake ƙera jakunkunan. Biyu ake sayarwa, ta dama da ta hagu, kowace tana cin lita 20, nauyin su biyun babu komai a ciki kusan kilo 1.9. Kamfanin ya ƙayyade kilo 9 ga kowace jaka, yana kuma ba da garantin shekara 5. Yadin jakar mai kauri ne, an shafe shi da PVC, kamar tampol ɗin da ake rufe kayan babbar mota da shi. Ba ɗinki aka yi wa gaɓoɓinta ba, narka su aka yi suka manne, saboda haka babu hujin allura da ruwa zai bi. Babu zif a bakinta. Naɗe bakin ake yi a ɗaure.

Hanyar da ta fi dacewa a auna irin wannan jaka a kanta ita ce Via Claudia Augusta, tsohuwar hanyar Rumawa da aka kammala a zamanin Sarki Kalaudiyas wajen shekara ta 46 zuwa 47 miladiyya. Yau hanyar keke ce mai kusan kilomita 700, tana tashi daga Donauwörth a Jamus, ta bi Augsburg da Füssen, ta shiga Ostiriya ta haura mashigin Fern, ta sake haura mashigin Reschen mai tsayin kusan mita 1,500, sannan ta gangara Italiya. Duk abin da zai wahalar da jaka yana cikinta: ruwan sama a arewacin tsaunukan Alps, tsakuwa da tudu mai tsauri a Fern, doguwar gangara daga Reschen, da daɓen duwatsu a tsofaffin garuruwa.

Ta fuskar ruwa babu abin zargi, muddin an rufe ta daidai. A matse iskar da ke ciki, a haɗa leɓɓan bakin su kwanta a kan juna, a naɗe sau 3 ko 4, sannan a ɗaure maɗaurin tsakiya. Naɗi biyu ba ya isa, kuma wanda ya cika jakar maƙil ba zai sami sararin naɗi na uku ba, don haka lita 20 ɗin nan a ɗauke ta a matsayin iyaka. Matakin kariyarta shi ne IP64, ma'ana ƙura ba ta shiga, feshin ruwa daga kowace kusurwa ma ba ya shiga. Nutsewa cikin rafi ba ya cikin alkawarin. Idan za a ƙetare ruwan da ya kai gindin jaka, a cire ta a ɗauka a hannu. A kwarin Vinschgau na arewacin Italiya, inda hanyar ke gangarawa daga Reschen, wanda yana cikin wuraren da suka fi ƙarancin ruwan sama a Alps, injinan ban ruwa na gonakin tufa su ne ke jiƙa mai keke ba zato ba tsammani, kuma ko ɗigo ba ya kaiwa ga kayan.

Sai dai jakar da ta hana ruwa shiga tana hana shi fita. Rigar ruwa da aka cire bayan an sha duka, ko tantin da raɓa ta jiƙa, idan aka cusa su tare da kayan barci, kafin azahar zafin rana ya mayar da cikin jakar gumi, komai ya yi danshi. Kwana biyu a haka sai wari da fumfuna. Jiƙaƙƙen kaya a ɗaure shi a saman kariya ya sha iska. Abinci mai saurin lalacewa ma bai dace da ita ba, musamman baƙar jaka a rana.

Maganar ƙugiyoyi ita ce ta fi buƙatar natsuwa. Tsarin maratayin ana kiran sa QL2.1: ƙugiya biyu a sama da ke kama sandar kariya, da ƙugiya ɗaya a ƙasa da ke maƙale ƙafar kariya. Idan aka ja hannun jakar sama, ƙugiyoyin saman su buɗe, idan aka saki su kulle. Bakinsu na sanda mai kaurin milimita 16 ne, kuma ana haɗo jakar da 'yan robobi masu rage faɗin bakin zuwa milimita 8, 10 ko 12. Kafin komai a auna kaurin sandar kariya, kada a yi hasashe da ido. Yawancin kariyar tafiya mai kyau, irin ta kamfanin Tubus, milimita 10 ce. Idan aka sa robar 12 a kan sandar 10, jakar za ta rataya, a kan kwalta ma ba za a ji komai ba. Da an shiga tsakuwar Fern ko daɓen duwatsun garin Glurns, ratar milimita biyun nan ta zama bugu ba ƙaƙƙautawa. Fenti ke fara tafiya, sannan ƙugiyar ta shiga cin ƙarfen. Kariyar alminiyam ta fi saurin cinyewa, kuma daga inda ta side take karyewa. Maganin ba shi da tsada: a naɗa baƙin salatif na masu wayarin zagaye 3 ko 4 a daidai inda kowace ƙugiya take zama, har sai jakar ta daina motsi idan an girgiza ta da hannu. Salatif ɗin zai cinye bayan wasu makonni, a sake shi. Robobin su ma sukan fita su ɓace idan sun tsufa, don haka a riƙe biyu na ajiya.

Ƙugiyoyin saman suna zamewa a kan dogonsu, ana daidaita su ba tare da kayan aiki ba. A nisanta su da juna gwargwadon iko, kuma a sa ɗaya ta jingina da sandar da ta gitta kariyar, yadda jakar ba za ta zame gaba ba in aka danna birki a gangara. Ƙugiyar ƙasa kuwa dole ta shiga bayan ƙafar kariya sosai. Mutane da yawa suna raina ta, alhali ita ce ke hana gindin jaka lilo. Idan ta kuɓuce, jakar tana buɗewa waje a kwana ta dawo ta bugi kariya, a kariya marar kyakkyawan shinge ma kusurwarta tana iya taɓa sifok ɗin taya. A gangarar Malser Haide da ke ƙasan Reschen zuwa ƙauyen Burgeis, inda keke mai kaya ke ɗaukar gudu cikin ɗan lokaci, wannan haɗari ne na gaske. Haka maɗaurin kafaɗa: ko a maƙala shi a ƙugiyarsa ta gaban jaka, ko a cire shi a sa ciki. Kada a bar shi yana reto kusa da taya.

Akwai kuma diddige. Keken tafiya na asali yana da dogon baya, santimita 44 zuwa 45 daga tsakiyar feda zuwa tsakiyar tayar baya, kuma jakar tana zama lafiya. A keken tsere ko wanda bayansa bai wuce santimita 41 ko 42 ba, mai babbar ƙafa zai riƙa dukan jakar da diddige a kowane juyi. Ana ja da ita baya, amma kowane santimita da ta wuce tsakiyar taya yana rage nauyin da ke kan tayar gaba. A hawa irin na Norbertshöhe, daga Martina a Suwizalan zuwa Nauders, mai lanƙwasa 11 da hawan kusan mita 400, sai a ji kan keken yana neman ɗagawa. A gangara kuma sai ya kama rawa. Don haka a fara tura jakar gaba iyakar inda diddige zai wuce da ratar yatsa biyu, da takalmin da za a yi tafiyar da shi. Kaya masu nauyi, wato kayan gyara, risho da gwangwanin abinci, su zauna a ƙasa ta ɓangaren da ke jikin taya. Bambancin nauyin dama da hagu kada ya wuce kilo 1. Idan kayan duka sun haura kilo 15, gara a raba, a ƙara ƙananan jakunkuna a gaba.

Masu cewa jakar ta yi nauyi suna da gaskiya a kan sikeli, amma lissafin hanya bai goyi bayansu sosai ba. Mutum da keke da kaya idan sun kai kilo 100, kilo 2 kashi 2 ne cikin 100, wato kimanin minti ɗaya a hawan awa guda. Faɗinta ya fi nauyinta cutarwa. A Vinschgau iska takan taso daga ƙasan kwari da rana, kuma jaka biyu cike suna tare ta har sai an taka feda a inda ya kamata keke ya gangara da kansa. Wanda ya fito da sassafe ya huta da wannan.

A cikin ƙauyuka ne rauninta na biyu yake bayyana. Tsakanin Reschen da Meran, kusan kilomita 80, wuraren tsayawa ba sa ƙarewa: hasumiyar cocin Graun da ke tsaye cikin tafki tun da aka cika madatsar ruwa a 1950, gidan ibadar Marienberg a saman Burgeis, ganuwar Glurns da ƙofofinta uku, fadar Churburg a Schluderns da tarin sulken yaƙinta. Kowane tsayi yana nufin barin keke a waje, kuma sauƙin cirewar da ke faranta ran mai jaka shi ne ke faranta ran ɓarawo, ja ɗaya ta fita. Kamfanin yana sayar da siririyar wayar ƙarfe daban da ake haɗawa da makullin keke. Tana hana mai fizga ya gudu, ba ta hana mai almakashin ƙarfe. Kuɗi, fasfo da waya su zauna a ƙaramar jakar kan keke da ake shiga da ita ko'ina. Ratayawa a kafaɗa kuma na ɗan taƙi ne, daga bakin ƙofa zuwa ɗakin masauki, domin ƙugiyoyin suna sukar kwankwaso. Cikinta rami ɗaya ne mai zurfi da aljihu shafal a jikin bango. Abin da ake nema kullum yana can ƙasa, kuma buɗe ta cikin ruwan sama don laluben famfo yana ɓata amfaninta. A raba kaya cikin ƙananan jakunkunan yadi masu launi daban-daban, a kuma tsayar da doka: dama ta kayan dare, hagu ta kayan rana.

Gyaranta na cikin abin da ya sa take daɗewa. Ƙugiya, dogo, maɓalli da robobi duk da sukuru aka ɗaura su, kuma ana sayar da kowanne shi kaɗai. Sukurorin ne girgiza ke kwancewa, don haka a duba su bayan kwana biyu na farko, sannan duk mako, a kuma riƙe makullin da ya dace da kansu. Notunan kariya su ma a ɗiga musu shuɗin gam irin Loctite 243 kafin a tashi. Idan yadin ya huje, galibi a kusurwar ƙasa inda yake gogar bango ko dutse, a wanke wurin ya bushe, a manna facin PVC da gam ɗin PVC ta ciki. Sholishon facin tayar keke ba ya kama wannan yadi. Wanki da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙarfi ya isa, ban da injin wanki.

Mai kwana a masauki, wanda kayansa ba su wuce kilo 8 ba, Back-Roller ta yi masa girma, kuma babbar jaka tana jawo ɗaukar abin da ba a buƙata. Ƙaramar jakar Ortlieb, Sport-Roller, wadda biyunta ke cin lita 25, ta ishe shi. Mai ɗauke da tanti da risho shi aka yi wa wannan. Wanda zai yi odarta don hawa tudun Jos ko Mambila da damina, ya fara duba kariyarsa. Ta keken kasuwa da aka saba sau da yawa faffaɗan ƙarfe ne ko sanda mai kauri da ƙugiyar ba za ta kulle a kai ba, kuma ba ta da ƙafar gefe da ƙugiyar ƙasa za ta kama. A irin wannan hali sai a sa kuɗin sabuwar kariya mai zagayayyen bututu cikin lissafi, a kuma haɗo robobi da ƙugiya ɗaya ta ajiya a odar farko.