Bututun PVC, na kwano, ko mai lanƙwasawa: wanne ya dace da ɗakin renon tsiro?

Ɗan'uwa ya yi tambaya cewa ya ware ɗaki mai tsawon mita 3, faɗin mita 3 da tsayin mita 2.5 domin renon tumatir, tattasai da latas a ƙarƙashin fitilu, ya kuma sayi fanka mai zuƙe iska wadda bakinta inci 6 ne, sai dai ya rasa irin bututun da zai kai iskar waje da shi da kuma abin da zai liƙe mahaɗarsa.

Malam, kafin a zo kan irin bututun, a fara da faɗinsa, domin a nan aka fi yin asara. Ɗakinka yana ɗauke da iska mita kubik 22.5, idan kuma kana son a sauya ta duk bayan minti 3, to dole fankar ta fitar da mita kubik 450 a kowace awa. Bututun inci 4 ya fi sauƙin samu a wurin masu sayar da kayan famfo, kuma ya fi araha, amma ramin inci 6 ya ninka nasa sau biyu da kwata. Duk wanda ya rage bakin fanka daga inci 6 zuwa 4 ya shaƙe ta da hannunsa, za ta riƙa gurnani alhali zafi da danshi suna nan zaune a ɗakin.

Bututu mai lanƙwasawa, wato wanda aka yi da siririn alminiyom aka naɗe da waya a ciki, shi ne aka fi tallatawa tare da waɗannan fankoki. Ba shi da nauyi, almakashi da filaya sun isa a yanka shi, kuma yana bin kowace kusurwa ba sai an sayi gwiwa ba, wato guntun bututun da ake yin kwana da shi. Aibinsa yana cikin cikinsa: gaɓoɓin nan da ke ba shi damar lanƙwasawa su ne suke tare iska, idan kuma aka bar shi a tattare ko yana reto tsakanin ƙusa da ƙusa, tarewar takan ninka. Ga shi ɓera yana huda shi cikin dare ɗaya, ƙura tana kwanciya a gaɓoɓin, kuma inda ya lotsa nan ruwan raɓa yake taruwa. Wanda ya zama dole ya yi amfani da shi, sai ya miƙar da shi sosai, ya yanke rarar, ya rataye shi da maɗauri mai faɗi a kowace mita ɗaya ko kusa da haka.

Na PVC da na kwano kuwa cikinsu sumul yake, don haka fanka ɗaya takan fitar da iska mafi yawa ta cikinsu. PVC ba ya tsatsa, abin da ke da muhimmanci a ɗakin da ake ban-ruwa kullum, kuma mahaɗarsa tana shiga juna cif-cif. Sai dai rana tana cinye shi idan ya daɗe a waje ba fenti, na inci 6 kuma da gwiwoyinsa suna da ɗan tsada. Na kwano ya fi jure zafi, musamman idan zai ratsa tsakanin silin da rufin kwano, wurin da yake zama kamar tanda a watan Afrilu, kuma masu aikin kwano suna iya naɗa maka shi daidai awon da ka ba su. Rauninsa shi ne ɗinkin da ke bin tsawonsa, wanda yakan yi yoyon iska in ba a shafe shi ba, da kuma ƙarar fanka da yake ɗaukowa.

A ganina, ɗaki irin naka PVC ya fi dacewa da shi a miƙaƙƙen zango, sannan a saka guntun mai lanƙwasawa, wanda bai wuce rabin mita ba, tsakanin fanka da bututun domin ya shanye girgiza. A rage kwana gwargwadon iko, inda kuma ba makawa, gwiwa biyu masu digiri 45 sun fi guda ɗaya mai digiri 90 sauƙi ga iska. Ita ma fankar a kafa ta kusa da mafita, domin duk ɓular da ke tsakaninta da mafitar zafi da danshi take mayarwa cikin gida.

Batun liƙewa kuma, tef mai ƙyalle a jiki, mai ruwan toka, shi ne hannu ya fi saurin kaiwa gare shi, kuma shi ne ya fi saurin ba da kunya. A 1998 Max Sherman da Iain Walker na ɗakin bincike na Lawrence Berkeley a Amurka sun gwada kayan liƙe bututun iska iri-iri cikin zafi da sanyi, sai wannan tef ɗin ya zama shi ne ke sakewa, domin gam ɗinsa yana bushewa. Tef ɗin alminiyom, wanda ake ɓare takarda a bayansa, ya fi shi nesa ba kusa ba, musamman mai ɗauke da alamar UL 181, wato shaidar cewa ya cika ƙa'idar kayan bututun iska. Mastik kuwa, wato kwaɓin da ake shafawa da buroshi, ya fi su duka daɗewa a kan kwano, amma idan tazarar ta kai milimita 3 sai an ɗora masa ragar zare kafin a shafa. PVC gam ɗinsa na masu aikin famfo ya wadatar, sai dai a bar mahaɗa ɗaya ba gam domin a iya buɗewa a share ƙurar hunturu.

Ko wanne aka zaɓa, tef ba ya riƙe nauyi. A zura bututun ya hau bakin fanka kamar santimita 5, a ɗaure da kilif na ƙarfe mai noti, a goge ƙura da maiƙo, sannan a naɗa tef a murza shi da bayan cokali har ya kwanta. Bayan an gama, a kunna fanka a bi kowace mahaɗa da turaren tsinke: inda hayaƙin ya karkata ko ya shige ciki, akwai ɓula, sai a sake liƙe wurin.