Wasiƙa Daga Landan: Maganar Keken Yaya

Landan, 30 ga Agusta, 1953.

Takarda ta fito daga hannun ƙaninka zuwa ga Yaya, tare da gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya. Ina fata kuna lafiya kamar yadda nake lafiya, kuma an yi Sallah lafiya. Allah ya maimaita mana. A gaishe mini da Inna, a ce ta kwantar da hankalinta, tarin nan ya sake ni tuni.

Bayan haka, wasiƙarka ta iske ni, na kuma ga saƙon keke. Ka ce tunda ga ni a ƙasar da ake ƙera Raleigh, in sayo maka a kan araha in auno shi jirgin ruwa. Yaya, ganin Dala ba shiga birni ba ne. Gaskiya ne a nan ake yin sa, a wani gari da ake kira Nottingham, amma na zaga kantin keke uku ban ga arahar ba. Dalili kuwa, tun da aka gama yaƙi ƙasar nan neman kuɗin waje take yi ido rufe. Abin da za a fitar waje ba a ɗora masa harajin saye, wanda za a sayar a cikin gida kuwa an lafta masa. Ka ƙara kuɗin jirgi daga Libaful zuwa Ikko, da na kwastan, da na jirgin ƙasa har Kano, sai ka ga ka sayi keke ɗaya a kuɗin ɗaya da rabi, ga zaman jira. Ka je kanti a nan gida ka zaɓi naka, ka buga ƙararrawarsa da hannunka.

Na san za ka ce ƙaninka ya shiga Turai ya koyi rowa, don haka bari in yi maka bayanin yadda kuɗi yake tafiya a nan. Kuɗinsu irin namu ne: fam, sule, sisi, taro, kwabo. Sai dai kwabonsu jan ƙarfe ne faffaɗa marar huda, ba ya shiga igiya. Ma'aikacin ƙarfi yakan tashi da wajen fam 9 a mako. A mako fa, ba a wata ba. Ranar da na fara jin haka na ce ashe kowa attajiri ne. Da na kama ɗaki na gane. Ɗaki guda, can saman bene, gado da kujera da ɗan tebur, fam 2 da sule 10 nake biya duk ranar Juma'a. Shi ma sai da na sha yawo. A tagar masu sayar da jarida ake liƙa katin ɗakunan haya, da yawa an rubuta ƙarara ba a son baƙar fata. Gida biyar na ƙwanƙwasa, da an buɗe an gan ni sai a ce ai yanzun nan aka kama. Na shida wata tsohuwa ce wadda ɗanta ya rasu a yaƙin Bama. Ta ce ya taɓa rubuto mata labarin sojan Afirka ta Yamma da suka yi zama tare, ta matsa ta ba ni hanya.

A kusurwar ɗakin akwai wani ɗan akwatin ƙarfe mai baki kamar asusu. Shi ne mai gidan na gaskiya. Sai ka jefa masa sule kafin murhun gas ya kama, in ya cinye sulen wuta ta mutu, ko kana tsakiyar dahuwa. Wata uku da zuwana, ranar 5 ga Disamba bara, wani hazo ya sauko wa birnin nan ya yi kwana biyar bai ɗaga ba. Kada ka kwatanta shi da hazon hunturu namu. Wannan hayaƙin kwal ne ya haɗu da raɓa, rawaya-rawaya, mai warin ƙibiritu, har cikin ɗaki yake shigowa. In ka miƙa hannu a titi da ƙyar ka ga yatsunka. Na ga kwandasta ya sauka yana tafiya a ƙasa da fitila, direban bas yana bin sa a hankali kamar makaho da ɗan jagora. Daga baya aka ce mutum wajen 4,000 suka rasu. A dare na uku sulallana suka ƙare. Ina da takardar fam a aljihu, akwatin kuwa bai san takarda ba. Haka na kwana cikin babbar riga da kwat da bargo biyu, haƙora suna kaɗawa, ina tuna ranar da muke gudu daga cikinta zuwa zaure. Tun daga nan ba na kwana sai da sule biyar a cikin gwangwanin shayi. Wanka ma haka: gidan wanka na gari nake zuwa ranar Asabar, sisi, a ba ka tawul da ɗan guntun sabulu.

Abinci kuma labari ne. Shekara 8 ke nan da gama yaƙi, amma har yau kowa da ɗan littafinsa na rabon abinci. Kuɗinka ba ya saya maka fiye da rabonka. An saki shayi a Oktoban bara, alewa a Fabrairu, ƙwai a Maris. Sukari da man shanu da cuku da nama har yanzu sai da littafi, ko da yake ana raɗe-raɗin za a saki sukari kwanan nan. Nama da kuɗi ake auna rabonsa, ba da nauyi ba, kuma dole ka yi rajista wajen mahauci guda. Ni na kai littafina wajen wani Bayahude a unguwar Whitechapel, don su suna yanka, kuma ba sa haɗa wuƙa da alade. Abin da yake ba ni na mako guda, in ka kai wa mai tsire a bakin Kasuwar Kurmi ba zai cika tsinke goma ba.

Wata safiya ina kallon tsohuwar nan tana shafa wa burodi majarin, wato man da suke ci a madadin man shanu. Ta shafa, ta kankare da wuƙa, ta mai da abin da ta kankaro cikin kwano. Na tambaye ta ko ta san da me ake yin sa. Ta ce a'a. Na ce har da gyaɗa, kuma a garinmu buhunanta aka jera dala-dala kusa da tashar jirgi, kowace ta fi gidan nan tsawo, wata ta shekara tana jiran tarago. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce to me ya hana mu aiko musu? Na rasa amsa, na yi dariya. Haka na shiga wani kanti na ga jakar hannu ta jar fata, an ce fatar Maroko ce. Na shinshina, na murza. Yaya, akuyar Sakkwato ce. Kuɗin jakar zai sayi akuyar da 'ya'yanta.

Ba a ciniki. An rubuta kuɗi a jikin kaya, shi ke nan. Makon farko na ɗauki safa, yarinyar kanti ta faɗi kuɗi, na taya rabi ina jiran ta ce albarka mu fara magana. Ta yi tsammanin ban ji Turanci ba ne, ta sake faɗa da ƙarfi a hankali. Suna da wata dabara kuma: ba za su ce fam guda ba, sai su rubuta sule 19 da kwabo 11. Kantunan manya kuwa da gini suke lissafi, fam da sule ɗaya ke nan. Inda kawai na ji ƙamshin kasuwa shi ne Petticoat Lane ranar Lahadi da safe, ana ihu ana zuga kaya ana rantse-rantse kamar 'yan koli.

Kada in cika kushe, akwai abin da dole a sara musu. Wasiƙar da ka jefa da safe a kan kwabo biyu da rabi, in cikin Landan ne, da yamma tana hannun mai ita. Mai madara yakan ajiye kwalba a bakin ƙofa tun da asuba, ta yi awa uku ba wanda ya taɓa sai tsuntsu. Mai jarida ya bar tarin jaridu ya tafi shan shayi, kowa ya ɗauka ya ajiye ahu, wato kwabo ɗaya da rabi, ya wuce. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, in ka rasa wannan kafin ka gama tsaki wani ya iso. Ɗakin tarho ja a kan titi, taro. Kowane abu sai an yi layi, babba da yaro, ba mai cewa ka san ko ni wane ne.

Wanda ya fi ba ni mamaki asibiti ne. Tun 1948 suka mai da ganin likita kyauta ga kowa, ana cire kuɗin daga haraji da ɗan abin da ake yanka a albashi. Lokacin tarin nan na je da fam 2 a aljihu ina fargaba. Likita ya sa abin sauraro a ƙirjina, ya rubuta takarda, na tsaya ina lalube, ya ce me nake nema? Sule ɗaya kawai na biya wajen mai haɗa magani. Shi ma sulen bara aka sa shi, kuma har yau suna ta gunaguni a kansa. Na tuna Gwaggo da ƙafarta, na yi shiru.

Amma mutum zai shekara a gida guda bai san sunan na ɗakin kusa ba. A jirgi kowa ya rufe fuska da jarida. Gaisuwarsu ba ta wuce maganar ruwa da rana. In za ka gaida wani sai ka aika tukuna ya sa maka lokaci, in ka faɗo ana cin abinci a ba ka kujera ka jira, ba mai cewa bisimilla.

Azumi ya zo mana cikin dogayen kwanaki. Kafin ƙarfe 3 an bar sahur, ba a sha ruwa sai bayan 9 na dare. Ba ƙishirwa, yunwa ce da barci. Cikinsa aka naɗa Sarauniya, 2 ga Yuni, ana ta yayyafi, mutane sun kwana a bakin titi don su sami wurin tsayuwa. Ni a gidan maƙwabta na kalla cikin talabijin, akwati ne kamar rediyo mai gilashi a gaba, mu wajen ashirin a falo guda. Ko shi sai an yanki lasin fam 2 a shekara. Safiyar ranar ce kuma labari ya iso an hau ƙololuwar dutsen Everest. Labarin rikicin Kano na watan Mayu kuwa layi kaɗan jaridunsu suka ba shi, na kwana uku ban runtsa sosai ba sai da wasiƙarka ta zo.

Taron tsarin mulkin Nijeriya da aka fara a nan Landan 30 ga Yuli an tashi makon jiya. Na je masaukin mutanenmu na gaida su, na hango Sardauna da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa za su shiga mota, Turawa sun tsaya suna kallon rawani. Abin da aka ƙulla za ku karanta a Gaskiya Ta Fi Kwabo kafin takardar nan ta iso. Sallar layya a Woking muka yi ta, tafiyar ƙasa da awa guda a jirgi, a wani ɗan masallaci mai kyau da aka gina tun 1889. Bai ɗauke mu ba, a fili aka yi sahu, Indiyawa da Larabawa da Turkawa da mu. Aka ci shinkafa, kowa ya kama hanyar tasha. Ko ƙahon rago ban gani ba.

Na aiko da fam 3 ta gidan waya a ƙara a kuɗin keken, sule 10 kuma na Inna ne. In an sami mai tahowa ta jirgin sama, don Allah a ba shi kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji. A naɗe daddawar da kyau saboda tsohuwa. Goro ko ƙwarya ɗaya ce, fari, a sa ganye da yawa. Wanda na samu wajen 'yan taro saura uku, ina ɓara ɗaya kwana biyu. A gaida Kawu da Gwaggo da yara duka. Wassalam.

Ni ne ƙaninka.