Gargaɗi ga masu tsofaffin motoci a Zariya: ku guji "man tsohon inji" da ake yawo da shi

Jama'a, akwai wasu da suka ɓullo da sabuwar hanyar cuta a garin nan, kuma masu tsofaffin motoci suka sa a gaba, wato masu Peugeot 504 da 505, da Mercedes irin ta da, da ƴan tsirarun da har yau suke lallaɓa Volkswagen Beetle. Suna zagaya garejin kanikawa daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari har Kwangila, wani da kwali ɗaure a bayan babur, wani a but ɗin mota, wasu kuma sai dai ka ga tallan a WhatsApp. Baƙin mai suke sayarwa a galan mai lita 4, ɗauke da tambarin kamfanonin da kowa ya sani, amma sai su ce maka wannan na musamman ne, "na tsohon inji", ta Kwatano aka shigo da shi, ba a samun irinsa a gidan mai. Wai yana tsayar da hayaƙi, yana kashe ƙarar inji, kuma in ka zuba sai ka yi wata shida ba ka yi juye ba. Kuɗin kuwa ɗan kaɗan suke ragewa, daidai yadda za ka ga sauƙi amma ba za ka yi zargi ba.

Duk wayonsu a kan abu ɗaya ya rataya, wato kauri. Mai tallan zai buɗe galan, ya ɗiga maka a yatsa, ya ce ka murza ka ji danƙo. Da yake mun taso muna jin cewa tsohon inji mai kauri yake so, kana jin danƙon nan sai zuciya ta kwanta.

Na ga ƙarshen wannan danƙon da idona a wani gareji a Tudun Wada. Wani dattijo ne daga Samaru, tsohon ma'aikacin jami'a, aka jawo masa 504 ɗinsa da igiya. Irin motar nan ce harhaɗar Kaduna, wadda mai ita yake wankewa da kansa, kujerunta ma ba su yage ba. Da bakaniken ya kwance kaskon mai na ƙarƙashin inji, abin da ke ciki ƙin zubowa ya yi, sai da ya sa sukundireba ya kankaro. Ragar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta ta toshe ɗam. Ya ɗago ya ce, "Baba, wa ya ba ku wannan man?" Dattijon ya ce wani yaro ne ya kawo masa har ƙofar gida, ya ce na irin motarsu ne. Bakaniken ya miƙa masa sukundireban ya ce, "Ranku ya daɗe, wannan ai kwalta ce." Metal, wato ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu, ya cinye, shi kuma karanshaf, babban sandan da ke juyawa a cikin inji, ya yi zane. Wanda ya san wahalar neman karanshaf ɗin 504 mai kyau a yau, daga Panteka a Kaduna zuwa Kofar Ruwa a Kano, shi zai gane irin ɓarnar da aka yi wa bawan Allahn nan.

Abin da ke cikin galan ɗin bai wuce ɗayan biyu ba. Ko dai tsohon man da aka juye daga motoci da janareta, aka tara a duro, aka tace shi har launinsa ya washe, ko kuma ɗanyen man da kamfanoni ke sayowa su haɗa man inji da shi, wanda ba a zuba masa sinadari ko ɗaya ba. Kaurin kuwa ƙara shi ake yi, wani lokaci da man giyabos. Man inji na gaskiya yana da sinadaran wanke datti su riƙe shi har ranar juye, da masu hana shi ƙonewa da zafi, da kuma sinadarin zinki da fosfaras da ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Wannan na ƙarshen shi ne ran tsohon inji, domin a irin waɗannan motoci kamshaf, wato sandan da ke buɗe bawul, gugar tafet (ƙarfen da ke tura bawul ɗin) yake yi kai tsaye, ba kamar yawancin injinan yanzu da ke da ƴar taya a wurin ba. Babu zinki, kamshaf zai ci kansa a hankali ba ka sani ba.

Gaskiya ne a kwanakin farko hayaƙi yana raguwa, ƙarar ma ta lafa. Kowane abu mai kauri zai yi hakan, don yana toshe gibin da ringi ya bari. Amma shuɗin hayaƙi a salansa alamar ringi ko robar bawul sun gaji ne, aikin bakanike ne, babu man da ke gyara shi.

Su maƙaryatan nan suna fakewa ne da wata gaskiya. Lallai siririn mai irin 0W-20 da ake zuba wa sababbin motoci bai dace da injin da ya haura shekara 30 ba, zai yi yoyo, kuma ba zai cike gibin da tsufa ya buɗe ba. Abin da kanikawan da suka san aikinsu ke zuba wa irin waɗannan motoci a zafin ƙasarmu shi ne 20W-50, kuma yana nan a gidajen mai, ba sai an je Kwatano ba. Lambar farko mai W tana nuna yadda man ke gudana da sanyi, ta biyun kuma kaurinsa idan inji ya ɗau zafi, a ma'aunin digiri 100. Ka tuna asubar hunturu a Zariya cikin Disamba da Janairu. Man da ya yi kauri fiye da kima ba zai hau saman inji da wuri ba, kuma a daƙiƙun farkon nan bayan ka tayar da mota ne inji ya fi ciwuwa. A jikin galan kuma ka nemi rubutun API. SF da SG na shekarun 1980 ne, SL ya zo a 2001, SN a 2010, kuma sabon yana maye gurbin tsohon. Mai Beetle ya fi kowa shiga haɗari, saboda iska ke sanyaya injinta, man da take ɗauka bai wuce lita biyu da rabi ba, ga shi babu filta sai raga. Zancen wata shida ba juye kuwa a irin ƙurarmu, ga kafireta na tsiyayar da fetur cikin mai, ganganci ne. Kilomita 5,000 ta isa.

Akwai alamun da ido ke kamawa. Zoben murfi da aka liƙe da gam ko aka ɗana da wuta, takardar bakin galan da ta yamutse, lambar rukuni da ranar haɗawa da suka goge ko babu su sam, galan mai ƙarzuwa alhali an ce sabo ne. Ka shinshina, in ka ji ƙauri ko warin fetur ko warin man giyabos, ka ajiye. Ka ɗiga a farar takarda, tsohon mai yakan bar baƙi a tsakiya. Sai dai kada wannan ya ruɗe ka, ɗanyen man nan da ba shi da sinadari fes yake, zai tsallake duk gwajin nan. Shi ya sa inda ka saya ya fi gwaji muhimmanci. Ka je gidan man kamfanin ko wurin dila mai shago tsayayye, ka karɓi rasit, ka kai wa bakanike da hannunka, ka tsaya a buɗe a gabanka. Ba don kanikawanmu ɓarayi ba ne, da yawansu su ma cutarsu ake yi, wasu kuma yaran gareji ake bi ta bayan oga.

Sannan galan ɗin da aka juye, don Allah kada a bar shi lafiya. Waɗannan mutane ba sa ƙera galan, saye suke yi a hannun yaran gareji da ƴan gwangwan, shi ya sa tambarin ke fitowa na gaske. Ka sa wuƙa ka farke shi, ko ka tafi da shi gida ka yanke kansa.

Wanda ya riga ya zuba, kada ya jira jar wutar mai ta kama a dashbod. A juye shi yau tun injin na da ɗumi, a canza filta, a kwance kasko a wanke raga, a zuba mai na gaskiya, a sake juyewa da wuri kafin a koma lissafin da aka saba. Galan ɗin da ragowar man kuma a adana su tare da lambar wayar mai tallan da shaidar tura kuɗi, a kai ofishin hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON da ke Kaduna, ko a shigar da ƙorafi wurin hukumar kare masu sayayya ta FCCPC.