Sharhi kan gidajen motsa jiki na Zariya: lokacin da kuɗin watanka zai biya ka

Gidajen motsa jiki da ke tsakanin Samaru, Kwangila, PZ da Sabon Gari galibinsu ƙanana ne: ɗaki ɗaya ko biyu, benci ƙalilan, injin gudu da keke, sai dambel, wato gajerun ƙarafan ɗagawa da hannu, a jere jikin bango. Kayan sun isa mutum ya gina jiki sosai. Inda suke gazawa shi ne daga bayan La'asar zuwa Magariba, lokacin da ɗalibai suka fito daga laca, ma'aikata suka taso, 'yan kasuwa suka fara rufe shago, kowa ya nufo wuri ɗaya.

Benci ne ke fara nuna cunkoson. Mai yin zagaye huɗu na ɗaga ƙarfe a kwance, yana hutun minti biyu tsakanin kowane zagaye, zai riƙe bencin kusan minti goma. In mutum biyar ne gabanka, ka kusa cin awa guda a tsaye, gumin da ka fara ya bushe, kafaɗa ta huce. Daga nan matsala ke tasowa: da layi ya zo kanka sai ka yi sauri, ka tsallake zagayen ɗumama jiki, ka ɗora nauyi kai tsaye. Ciwon kafaɗa da na ƙugu da yawa daga irin wannan gaggawar suke farawa. Ga fayafan ƙarfe a warwatse a ƙasa, ga maƙallin da ke riƙe su a kan sanda ya ɓace, wani ya ɗaga haka nan, gefe ɗaya ya zame.

Lokacin da muka fi ba da shawara shi ne daga ƙarfe goma na safe zuwa kiran Azahar, Litinin zuwa Alhamis. Wurin fayau yake, kocin ma yana da sukunin tsayawa ya gyara maka tsayuwa da riƙo. Amma akwai sharaɗin da ya kamata a tambaya kafin a biya ko sisi: in babu wutar Nefa a wannan lokaci, ana tayar da janareta? Wasu gidajen ba sa ƙona mai saboda mutum uku, sai yamma da aka cika. Ke nan injin gudu a mace yake, fanka ma a tsaye. Mai ɗaga ƙarfe bai yi asarar komai ba, domin sandar nan mai kilo 20 ba ta neman wuta. Amma wanda likita ya ce ya riƙa tafiya a kan inji saboda hawan jini ko suga, shi an cuce shi. Gidan da ke da sola ya fi dacewa da shi ko da kuɗinsa ya ɗan ɗara.

Bayan Asuba ma yana da kyau, musamman a hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, da sanyin Zariya ke hana mutane barin bargo. Sai dai a ƙara ɗumama jiki zuwa minti goma ko sha biyar. Daga Maris zuwa Mayu kuwa, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ba wurin shiga ba ne da tsakar rana in fanka ba ta juyawa. A koma safiya, a tafi da ruwa aƙalla leda biyu. Safiyar Asabar a guje ta, ranar ce masu aikin ofis ke biyan bashin mako.

Wuraren Samaru da na kusa da Kongo suna bin kalandar Jami'ar Ahmadu Bello: a cike a farkon zango, babu cunkoso lokacin jarrabawa da hutu. Da azumi kuma cunkoson kan koma bayan sallar asham.

Wanda aiki bai bar masa wani lokaci ba sai yamma, ya yi dabara. Ya nemi mai benci su yi karɓa-karɓa, "Yallaɓai, mu riƙa musanya?", hutun wannan ya zama aikin wancan, mutum uku na iya raba benci ɗaya in nauyinsu ya yi kusa. Ya tanadi madadin kowane motsi: in benci ya cika, dambel biyu a kwance kan tabarma, in injin ƙafa ya cika, tsugunno riƙe da dambel ɗaya a ƙirji. Kuma ya juya jerin ranakunsa, tunda Litinin kusan kowa ƙirji yake yi, shi ya yi ƙafa.

Mata su tambayi lokacin da aka ware musu tun kafin rajista, kuma su tabbatar ana kunna wuta a cikinsa, domin sau da yawa yakan faɗo a lokacin hantsin da janareta ke hutawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Zuwa sau uku a mako da hantsi, minti hamsin-hamsin, ya cika wannan adadi. Kafin biyan kuɗin wata, a biya na yini ɗaya, a je a daidai sa'ar da za a riƙa zuwa, a ƙirga benci, a ƙirga mutane, a danna injin gudu a ga ko zai tashi.