Kwamfuta na daskarewa: RAM ne ko madabod?

Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Na ga tambayarka. Ka ce kwamfutar tebur ce ta shagonka na buga takardu, tana da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) guda biyu, kowanne 4GB nau'in DDR3, kuma tana daskarewa sau biyu ko uku a yini: linzami ya tsaya cak, sai ka danne maɓallin wuta kafin ta farfaɗo. Mai gyara na farko ya ce RAM ne, na biyu ya ce madabod, wato bod ɗin da duk kayan cikin kwamfuta ke jone a kansa, shi ne ya tafi, ka kawo kuɗi a sauya. Kana son sanin maganar wa za ka ɗauka.

Kada ka ɗauki ta kowa tukuna, domin babu wanda ya nuna maka hujja a cikinsu. Babban abin da ya raba matsalolin biyu shi ne: laifin RAM yana bin RAM ɗin duk gurbin da ka kai shi, laifin bod kuwa yana zaune daram a wurinsa ko da ka kawo sabon RAM fil. A kan wannan za ka gina gwajinka, kuma ba zai ci maka ko sisi ba.

Bari mu fara da halayensu. RAM mai ciwo ba shi da lokaci, kuma yakan bar sawu. Yau manhaja ta rufe kanta kana tsakiyar aiki, gobe allo ya koma shuɗi da rubutun MEMORY_MANAGEMENT, jibi kuma ya fito da wani suna daban, kamar PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA ko IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL. Wannan sauye-sauyen suna shi kansa alama ce, domin duk bayanin da ya faɗa wurin da ya lalace shi ke gurɓacewa. Takardar da ka adana lafiya ta ƙi buɗewa, ko a zo ɗora sabuwar Windows aikin ya katse a tsakiya ba dalili.

Bod kuwa yakan yi shiru ne ya mutu a tsaye. Babu shuɗin allo, babu saƙo. Idan kana jin karatu ko waƙa, sai sautin ya maƙale yana "zzzz". Ka danna Caps Lock, 'yar fitilarsa ba za ta motsa ba. Kuma da wuya ciwonsa ya zo shi kaɗai: kafar USB ta riƙa yanke firinta, da safe sai ka kunna sau biyu ko uku kafin hoto ya zo, fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin. Abin da ka kwatanta ya ɗan fi kama da wannan ɓangaren, amma na sha ganin RAM da ya sassauta a gurbinsa yana yin irin wannan daskarewar sak, shi ya sa ba na yanke hukunci da alamomi kaɗai.

Wani abu da ake yawan ruɗewa da shi: ƙarancin RAM daban, lalacewar RAM daban. Idan kwamfutar takan yi nauyi na minti ɗaya ko biyu sannan ta dawo da kanta, danna Ctrl da Shift da Esc ka duba Task Manager. In ka ga RAM ya cika taf, had-disk kuma yana kan 100%, wannan cunkoso ne, ba ciwo ba. Taka da ba ta dawowa sai an kashe, ba ta cikin wannan sahun.

Yanzu ga gwajin. Kashe ta, zare wayar wuta daga bango, ka danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don sauran wutar ta fita, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka kai hannu ciki. Buɗe 'yan maƙallan da ke gefe biyu, RAM zai ɗago da kansa. Riƙe shi ta gefuna, ka kalli layin haƙoran nan masu ruwan zinare a haske. Wata kwamfuta da aka taɓa kawo min bayan hunturu, an riga an yanke mata hukuncin bod, da na zare RAM ɗinta sai na ga haƙoran sun yi dushi-dushi, gurbin kuma ƙura ta cika shi kamar an barbaɗa garin kuka. Na goge haƙoran a hankali da farar kilinar goge fensir, na kakkaɓe ɓurɓushin, na hura gurbin da iska, na mayar har na ji maƙallan sun ce "ƙas". Ba ta sake daskarewa ba. Ƙurarmu ta hunturu ba ƙaramar ɓarna take yi ba, kuma wannan shara ta minti biyar ita ce matakin farko a wurina kullum.

Idan ta ci gaba bayan sharar, ka manna wa RAM ɗin 'yar takarda, wannan 1, wancan 2. Saka na 1 kaɗai a gurbin farko. Ɗora MemTest86, manhajar gwada RAM, a filash, kyauta ce, ka tayar da kwamfutar ta kanta, ka bar ta ta yi zagaye 4. Zai ɗauki awanni, don haka ka zaɓi lokacin da wuta ba za ta yanke maka ba. Windows ma tana da nata gwajin, wanda ake kira da rubuta mdsched, amma bai kai wancan tonawa ba. Kuskure ko guda ɗaya ya bayyana, akwai matsala. Lafiyayyen RAM sifili yake bayarwa. Daga nan sai ka cire na 1, ka saka na 2 a wannan gurbin dai, sannan ka maimaita da su a ɗaya gurbin.

Karanta sakamakon ba wuya. In na 1 yana ba da kuskure a kowane gurbi, na 2 kuma lafiya, mai gyara na farko ya yi gaskiya, RAM guda za ka saya. In duka biyun lafiya a gurbi ɗaya amma suna kuskure a ɗayan, laifin ya koma ɓangaren bod. In kowanne lafiya shi kaɗai amma rikici na tashi idan an haɗa su, duba rubutun jikinsu. Mai PC3-10600 gudunsa 1333 ne, mai PC3-12800 kuma 1600. Mai PC3 yana cin bolt 1.5, mai PC3L 1.35. Sau da yawa sukan zauna lafiya tare, amma a kwamfutocin gwanjo da aka harhaɗa musu kaya, wannan gambizar na iya zama tushen fitinar. Ka kuma mayar da saitin BIOS, tsarin da ke fara tashi kafin Windows, yadda ya fito daga kamfani kafin ka zargi kowa.

Ko da gwajin ya nuna bod, kada ka yi gaggawar biya. Haska tocila ka duba kafasitoci, 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye kusa da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) da gurbin RAM. Lafiyayye kansa a shafe yake, da 'yar tsaga mai kama da X ko K. Wanda ya mutu kansa yakan kumbura kamar gwangwanin tumatir da ya lalace, wani lokaci da busasshen abu ruwan ƙasa a samansa. An yi annobar irin wannan a kayan da aka ƙera tsakanin 1999 zuwa 2007, kuma zafi da tsufa na iya yi wa kowane bod haka har gobe. Mai hannu a aikin dalma zai iya sauya kafasitocin ba tare da an jefar da bod ba. Sannan ka sani, sashen da ke sarrafa RAM ya koma cikin furosesa, AMD tun 2003, Intel daga 2008. Saboda haka gurbin da ya ƙi aiki na iya zama 'yar allura ce guda ta lanƙwashe a mazaunin furosesa. Wannan wurin kada ka taɓa shi da kanka.

Akwai na uku da masu gyaranka ba su ambata ba, kuma abin yana damuna: fawa-fak, akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta. Inda ake yawo tsakanin wutar gari mai hawa da sauka da kuma janareta, shi ke fara jigata, kuma idan ya raunana alamominsa da na bod kamar an tsaga kara. A auna layin bolt 12 da mita. Ya kamata ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6. Mafi sauƙi ma, ari lafiyayye a jona na kwana biyu. Ka kuma tabbata fankar furosesa na juyawa, ƙura ba ta toshe ta ba. Batirin CR2032 da ke kan bod, shi aikinsa riƙe agogo da saiti, in kwanan wata na komawa baya shi za a canza.

Ta fuskar aljihu kuwa tazarar babba ce. Sauya RAM aikin minti biyu ne, ba ya taɓa Windows ko takardunka. Sauya bod sai an samo mai mazaunin furosesa irin naka, mai karɓar DDR3, kuma a kwamfutocin ofis na Dell da HP sau da yawa mahaɗan wuta da na gaban akwati nasu ne na musamman, ba kowane bod ke shiga ba. Windows ma na iya neman a sake tabbatar da lasisinta. Ga kwamfuta mai shekarun DDR3, kafin ka biya kuɗin bod ka tambayi farashin wata cikakkiya ta gwanjo, ka auna.

In ka koma wurin mai gyara na biyu, ka roƙe shi cikin mutunci ya saka nasa lafiyayyen RAM da nasa fawa-fak a gabanka, a bar ta tana aiki yini guda. In ta daskare a haka, to ka yarda bod ne. Kafin nan, turo min hoton rubutun da ke jikin RAM ɗin biyu da na kafasitocin da ke kusa da furosesa, in duba maka.