Boga ba nama: ta wake ko ta awara?

Tun da likita ya ce maigida ya rage jan nama, na koma haɗa boga (wato burger) mara nama a gida, kuma hanya biyu na gwada.

Ta wake ce ta fi kwanta min a rai. Farin wake nake saya a kasuwar Mile 12 ta nan Legas, in dafa ya yi laushi, in tsane ruwan sarai, in murje da cokali, don idan ya yi sumul sai ya caɓe. Sai albasa, attaruhu da garin ƙuli-ƙuli. Garin nan shi ke riƙe ta, ga ƙamshi kamar tsire. Ran da na yi gaggawa ban tsane ba, a kasko ta watse min.

Ta awara kuwa ta fi sauri. A Agege nake samu, in matse cikin tsumma mai tsabta, in marmasa. Waken soya ya fi farin wake furotin, amma awara lami ce sai an cika mata kayan ƙamshi, kuma ba ta kama jikinta sai da ƙwai. Ga zafin Legas: in aka ɗauke wuta, ba ta kwana.

Yarana dai ta wake suke nema, cikin burodin Agege.