Corolla 2006 'yar Kwatano: ba ta da ƙyale-ƙyale, amma ba ta kwana a gareji

Duk wanda ya tambaye ni wace mota zai saya alhali kuɗinsa bai kai na sabuwa ba, Corolla ta 2006 nake ce masa, kuma ba na gajiya da maimaitawa. Tawa 'yar Kwatano ce, mai giya otomatik. Sana'ata raba magungunan dabbobi, don haka hanyar Wudil da Gaya da Maigatari ta zame mini kamar tsakar gida, da ramukanta da ƙurarta, da kwalaye cike da but har kan kujerar baya. Motar da ta jure wannan aiki ta cancanci a yi mata shaida.

Injinta shi ne wanda ake kira 1ZZ-FE, mai lita 1.8. Ba shi da ƙarfin a zo a gani. Idan ka ɗora kaya ka kunna esi, sannan ka nemi wuce tirela, sai ka lissafa tazararka da kyau, domin giya huɗu kacal gare ta kuma ba ta gaggawar sauyawa. Amma taimin ɗinta sarƙa ce, ba bel ba, saboda haka babu fargabar tsinkewar bel a tsakiyar daji. Shan manta daidai da aljihun mai neman na kansa, abin da ya ƙara mata daraja tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Kayan gyaranta kuwa, ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna, kafin ka gama faɗin abin da kake nema an miƙo maka.

Cikinta roba ce zalla, babu wani ado. A kan babban titi ana jin ƙarar iska da ta tayoyi. Wadda aka ƙera don Amurka ƙasa-ƙasa take, sai ka lallaɓa ta a wurin tudun rage gudu in tana ɗauke da kaya. Kuɗinta ma ya fi shekarunta, kuma ɓarayi na son ta saboda dalilin da ya sa mu ma muke son ta. Akwai abu guda da ya kamata mai saye ya sani: Corolla ta 2003 zuwa 2008 tana cikin motocin da aka yi wa kiranye a Amurka saboda jakar iskar kamfanin Takata, wadda kan fashe da ɓarɓashin ƙarfe. A duba lambar chasis a intanet a ga ko an sauya ta kafin motar ta tsallako teku.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne inda wannan juriya ta samo asali. Toyota daga masaƙa ta fito. Sakichi Toyoda ya shafe shekaru da dama yana gyara injin saƙa, har a 1924 ya kammala wanda ke tsayawa da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke, don kada ya ci gaba da saƙa yadi mai aibi. A 1929 aka sayar wa kamfanin Platt Brothers na Ingila haƙƙin ƙera shi a kan fam 100,000, ɗansa Kiichiro kuma ya juya ga mota, aka kafa kamfanin motar a 1937. Wannan ɗabi'a ta tsayawa idan zare ya tsinke ita suka kai masana'antar mota: ƙaramin ma'aikaci yana da ikon jan igiya ya nemi a dakata idan ya ga kuskure. Tun 1951 suke da tsarin karɓar shawarwarin ma'aikata. Motarsu ta farko da suka kai Amurka a 1958, wato Crown, ta ji kunya, zafi take yi a manyan titunan can. Suka janye ta, suka koma gida, suka dawo da Corona a 1965. Corolla kanta a 1966 aka fara ta, kuma zuwa 2021 an sayar da miliyan 50.

Ko injin da ke motata ya bi ta wannan hanya. Makanikai sun san 1ZZ na farko-farko, na wajen 1998 zuwa 2002, da shan baƙin mai. Ba a yar da injin an ƙirƙiro wani ba, fistin ɗin aka yi ta gyarawa har matsalar ta lafa. Irin wannan ƙirƙira ba ta fitowa a talla. Sai bayan shekara goma sha biyar mai mota yake ganin ta, ran da ya zaro sandar awon mai ya tarar bai ragu ba.

Masana sun yi ƙoƙarin auna wannan hali. Geert Hofstede, ɗan ƙasar Holan, ya tsara ma'aunan al'adun ƙasashe, ɗaya daga ciki shi ne hangen nesa: tattali, juriya, da yarda a sha wuya yau don ribar da ba za ta zo da wuri ba. Ya ɗauko shi ne daga binciken da wani masani, Michael Bond, ya jagoranta a 1987, sannan a 2010 aka faɗaɗa shi zuwa ƙasashe 93. A wannan lissafi na hangen nesa Koriya ta Kudu ta samu maki 100, Japan 88, Sin 87, Jamus 83. Najeriya 13, Ghana 4. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma yana yi mini ciwo. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, a ƙarshen wannan shekarar ta 1975 kuma Hyundai ta fitar da motarta Pony a Koriya da injin aro na Mitsubishi. Sai a 1991 Hyundai ta yi injin kanta. Shekara goma sha shida suna koyo. Masaƙar KTL ta Kaduna ta buɗe a 1957, ga auduga ga ma'aikata, amma ba ta haifi komai ba kafin a rufe ta.

Duk da haka ban yarda cewa abin a jini yake ba, kuma hujjata tana liƙe a ƙofar motata. Lambar chasis ɗinta da 1NX ta fara, ma'ana a garin Fremont na jihar Kalifoniya aka ƙera ta, ba a Japan ba. Amurka kuwa 26 ta samu a wancan ma'auni. Masana'antar ta kamfanin General Motors ce a da, ta yi ƙaurin suna wajen yajin aiki da fashin zuwa aiki da fitar da motoci masu aibi, har aka rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota da sunan NUMMI, aka dawo da akasarin tsofaffin ma'aikatan, aka tura ɗaruruwansu Japan horo. Ba a daɗe ba ingancin motocinsu ya kusa kamo na Japan. Mutanen ba su sauya ba, abin da ake saka musu a kai ne ya sauya. Toyota ɗin ma da ta yi gaggawa ta ɗanɗana kuɗarta: bayan kiranyen miliyoyin motoci a 2009 da 2010, shugabanta Akio Toyoda ya tsaya gaban majalisar Amurka ya amsa cewa saurin girman kamfanin ya yi yawa.

Mu ɗin ba haƙuri muka rasa ba. Wanda ya ga marina a Ƙofar Mata, ko Bafillacen da ke renon maraƙi shekara huɗu, ba zai faɗi haka ba. Amma a ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, hauhawar farashi ta haura kashi 34, alhali na Japan ya riƙe nasa ƙasa da sifili daga 2016 zuwa 2024. Wane mai masana'anta ne zai ci bashi a haka ya zuba a binciken da sai bayan shekara goma zai biya? Dole ya sayo ya sayar.

Inda laifin namu yake a fili shi ne gareji. Akwai wani bakanike da ya taɓa duba mini ita, kafin ya taɓa komai ya ce, "Alhaji, bari in cire maka tamostat, na ƙasar sanyi ne, sai mu haɗa fanka dairek." Na ce, "Malam, bar min shi yadda masu ita suka sa." Wannan ɗan ƙarfe shi ke riƙe zafin inji daidai, in babu shi inji ya riƙa aiki da sanyi, ya ƙara shan mai, ya tsufa da wuri. Haka ake fasa salansa a kwashe abin tace hayaƙin nan da ake kira indomi a sayar, a zuba baƙin mai na galan mai kauri maimakon 5W-30 da aka rubuta a murfi. Aikin da aka yi shekaru ana tacewa, a rushe shi da yamma ɗaya don a rage 'yan dubbai. Yawancin Corollar da na ji ana zagi, haka aka yi mata.

Idan za ka saya, ka je da sassafe a tayar da ita a gabanka inji na sanyi, ka saurari ƙarar sarƙa. Ka zaro sandar man giya, ja ya kamata ya kasance, ba baƙi mai warin ƙuna ba. Ka ɗaga kafet ka shinshina, domin motocin da ambaliya ta ci a Amurka suna shigowa da yawa. Ka sa a ɗaga ta a duba ko indomin yana nan. Wadda aka taɓa buɗe injinta, ko an rage maka kuɗi, ka bar wa mai ita abarsa.